Ƙarar Jif ɗin Baba

Litinin, da safe

Cire batir, a kai caji.

Litinin, da yamma

Na cire. Baƙar waya ake fara kwancewa, sannan ja. Na san haka, amma sai da na leƙa na tambayi Injiniya. Maƙwabcinmu ne, aski yake yi a bakin layi, sunan ya bi shi tun ranar da ya gyara fankar shagonsa ta koma juyawa da baya. Ya ce, "Auta, ko wacce ka fara, wuta ai ta san hanyarta." Na fara da baƙar.

Jif ɗin Baba ce. Ta girmi aurena. Kujerun fata, katako mai sheƙi a gaban direba, maɓallai birjik waɗanda ban san aikin rabinsu ba. Tun da ya saye ta babu bakaniken da ya taɓa ɗora mata sifana. Shi ke gyara abarsa a ƙarƙashin rumfa ran Asabar, ni kuma aikina riƙe tocila da shan faɗa. Na haura arba'in, amma ban taɓa zama a kujerar direbanta ba sai in zai fitar da iskar birki. Ya ce taka, in taka. Ya ce saki, in saki.

Tun waccan safiyar da Baba ya faɗi a banɗaki ba a tayar da ita ba. Kyanwar maƙwabta ta mayar da bonet gadonta. Yayata ta ce a sayar kafin ta ruɓe a tsaye. Na ce bari in tayar da ita tukuna. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na bar wa mataimakina makullan sito, na nuna masa inda komai yake, na sake nuna masa.

Na je asibiti da la'asar. Fuskarsa na bango. Na gaishe shi, na gyara masa bargo, na dawo.

Ƙofar banɗakin da muka ɓalle muka fito da shi har yanzu tana jingine a jikin bango. Gobe.

Talata, da hantsi

Bugu ɗaya ta tashi. Na ji daɗi na ɗan lokaci. Sai fitilu suka kunnu a gaban direba, ja da rawaya, kamar shagon mai sayar da kayan wuta. Sannan ƙara ta fara daga ƙasa: kar-kar-kar-kar. In na taka mai ta ɓace, in na saki ta dawo.

Na kashe, na shiga na sha ruwa. Da na fito na tarar ta durƙusa ta baya, ɓangaren hagu. Ita wannan mota wasu jakunkunan roba ne iska ke cikawa su ɗaga ta, to ɗaya yana sacewa. Injiniya ya leƙo ta katanga ya ce, "Gaishe ka take yi, ka amsa mana."

Na ɗauki ƙarar a waya don in sake saurara a natse.

Na ari kiret ɗin ƙwai a kicin. Kowane noti da raminsa, kowane rami da takarda. Mai ɗakina ta ce ƙwan fa? Na ce suna cikin kwanon silba. Ta ce to Allah ya sa kar in daure ƙwai a jikin inji.

Talata, da yamma

Yaya ta bugo.

"Ka yi magana da likita?"

"Ban samu ganinsa ba."

"Ni na gan shi. Ya ce in Baba bai fara taka ƙafar nan cikin makonnin nan ba, to shi da kujera ke nan. Ya ƙi tashi, ya ƙi magana, abinci sai an yi da gaske. Kana jina, Auta? Kai kana can kana wasa da ƙarafa."

Na ce ina ji. Da ta kashe na je na duba baƙin mai. Ya ɗan yi ƙasa. Na goge sandar na sake dubawa. Ya ɗan yi ƙasa.

Laraba, bayan la'asar

Zan rubuta wannan a tsanake don kar in ƙara ko in rage.

Nana, ƙaramar 'yata, ta yi wa kakanta gaisuwa a waya in kai masa. Na zauna a bakin gado na ce, "Baba, ga matarka ta aiko da saƙo." Bai juyo ba. Na latsa. Ashe ba nata na latsa ba. Sai ga kar-kar-kar-kar ta cika ɗakin, har tsohon da ke gado na kusa ya farka yana tambaya ko an kawo wuta.

Ina ta kiciniyar kashewa, sai na ga kafaɗar Baba ta motsa. Ya juyo. A hankali, amma ya juyo. Ya kalli wayar, ya kalle ni, irin kallon da yake yi mini in na haska tocila inda ba nan ba. Bakinsa ya yi ta ƙoƙari. Na sunkuya.

Ya ce, "Fulogi."

Ita ce kalma ta farko tun waccan safiyar.

Na fita baranda na tsaya ina karanta wata sanarwa ta wanke hannu. Na karanta ta har ƙarshe. An rubuta ta da kyau.

Alhamis, da safe

Sayen fulogi. Guda takwas take ci.

A gaskiya ban yi zaton fulogi ba ne. Baba duk abin da ya sami mota fulogi yake fara cewa. Shekarun baya da taya ta yi faci a hanya, sai da ya buɗe bonet ya leƙa su tukuna. Amma ni wa?

Alhamis, da yamma

Shida sun fita lafiya. Biyun baya kuwa, wanda ya ƙera motar nan bai taɓa tunanin ɗan Adam zai kai hannu wurin ba. Na kwanta a kan inji da cikina, ƙafafuna a sama. Kan sifana ya suɓuce, na ji yana sauka, ƙwal, ƙwal, sannan shiru. Bai faɗo ƙasa ba.

Injiniya ya ce a tayar da motar, girgiza za ta fito da shi. Na ce in ya faɗa cikin fanka fa? Ya ce to ai ya fito ke nan.

Mai ɗakina ce ta zo da maganaɗisun da ke maƙale a ƙofar firij, mai siffar abarba, ta ɗaure da zare ta zura. Ta ciro kan sifanar, ta ciro wani noti da ba nawa ba, ta ciro murfin biro na ƙarfe.

Ta ce, "Baban Nana, nawa za ka biya bakanike?"

Na ce ta taimaka ta daina jingina da fenti.

Notin da ba nawa ba na ba shi rami shi kaɗai a kiret. Na rubuta: ban sani ba.

Juma'a, da yamma

Sababbin fulogi. Ƙara tana nan daram.

Na ɗauka a waya na kai asibiti. Baba ya sa na maimaita masa. Ya nuna da hannun hagu in kusanto da wayar kunnensa. Ya rufe ido. Ya ce, "Fanbel." Ya ci rabin abincin da na kai, yana ci yana harara ta.

Akwai malamar da ke zuwa motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi. 'Yar guntuwa ce, amma muryarta ta fi ta girma, duk ɗakin Sajan suke ce mata. Tun da aka kwantar da Baba take fama da shi, in ta zo sai ya yi kamar barci yake. Yau ta tsaya tana kallonmu, sannan ta miƙo hannu.

"Kawo wayar nan."

Na ba ta. Ban san dalilin da ya sa na ba ta ba. Ta jefa a aljihun rigarta.

"Baba, kana son jin motarka? Ɗaga mini hannun nan."

Ya kalle ta kamar zai cinye ta. Ta ce tana da lokaci, sai yamma take tashi. Ya ɗaga. Bai yi nisa ba, amma ya bar katifa. Ta kunna masa kar-kar-kar kaɗan ta kashe. "Saura ƙafa."

Tsohon gado na kusa ya ce shi ma in za a kunna masa rediyo zai ɗaga.

Asabar, da azahar

Fanbel. Na zana yadda tsohuwar ta zagaye kafin in cire. Na sa sabuwa bisa zanen. Daga baya na gane takardar a juye na riƙe ta.

Asabar, da yamma

Baƙin mai ya ƙi fita daga farcena.

Lahadi, da hantsi

Yaya ta zo da wani mutum mai sayen tsofaffin motoci. Ya zagaya ta yana bubbuga jikinta da makulli. Ya ga yadda ta durƙusa, ya tsotsi haƙori. Ya buɗe ƙofar gaba zai zauna a kujerar mai zaman banza, hannunsa ya nufi maɓallin tura kujera baya. Na ce kar ya taɓa. Ya ce ƙafafunsa ba za su shiga ba. Na ce to kar su shiga.

Yadda Inna ta bar kujerar nan haka take. Ita gajeriya ce, Allah ya jiƙanta. Baba ko mu bai bari mu matsa da ita.

Yaya ta ja ni gefe. "Auta, mutumin nan taimaka mana zai yi. Wa zai tuƙa ta? Kai da ko babur ɗin ofis sai ka zagaya shi sau biyu kafin ka hau? Shi Baba kuwa..."

Ba ta ƙarasa ba. Ni ma ban ƙarasa mata ba. Na ce akwai aikin da ban gama ba a ƙasa, na shige ƙarƙashin mota na kwanta har suka tafi. Babu abin da na taɓa. Akwai sanyi a wurin.

Talata, da yamma

Ba fanbel ba ce. Baba ya ce famfon ruwa. Na duba, lafiyarsa lau. Na gaya masa, ya ce, "Kai... ne... ba ka da lafiya." Kalma biyar, ko shida in an ƙirga "ne". Sajan ta tafa masa. Yau ya zauna a bakin gado da kansa, ƙafafu a ƙasa, don kawai ya nuna mini da cokali yadda ake riƙe sifana.

Har yanzu ban samu ganin likita ba. Na hango shi a baranda, amma yana da alamar sauri.

Laraba, da safe

An mayar da ƙofar banɗaki. Ba ni na mayar ba. Mai ɗakina ta kira kafinta ina asibiti. Ta sa ya cire sakatar ciki gaba ɗaya. 

Alhamis, da azahar

Na gano.

Na ɗaga ta da jak, na sa mata katako har biyu don ban yarda da jak ɗin ba, na sa mai ɗakina ta tayar da ita ina ƙasa. Na bi ƙarar da kunne. Wani faranti ne na gwangwani a saman salansa, wanda ke kare jikin mota daga zafi. Notinsa ɗaya ya fita, shi ne yake kaɗawa. Na je kiret na ɗauko wanda na rubuta wa "ban sani ba". Ya shiga kamar da shi aka haife shi.

Shiru. Injin yana numfashi kamar jariri mai barci. Na kwanta a ƙasa ina dariya ni kaɗai. Injiniya ya ce shi tun farko ya yi zargin wurin, kunya ce ta hana shi faɗa.

Ni na gano. Ba Baba ba, ba bidiyo ba. Na rubuta don in ba haka ba gobe zan fara shakka.

Alhamis, da yamma

Na ɗauki sautin injin a waya, na kunna wa Baba. Ya saurara har ƙarshe. Ya sa na maimaita. Ya ce, "To."

Ya juya bango.

Juma'a, da yamma

Bai ci ba. Sajan ta zo, ya yi barcin ƙarya. Ta same ni a baranda ta ce, "Malam, me ka yi wa majinyacina?" Na ce gyara motar na yi. Ta ce, "Wa ya aike ka?"

Asabar, da safe

Na wanke ta. Na goge katakon gaba. Na gyara jakar iskar da ke sacewa, ashe bakin bututu ne ya tsage, na yanke na mayar. Ta miƙe tsaf. Duk unguwar nan babu mota mai lafiyarta.

Ban taɓa jin haushin abu mai lafiya irin yau ba.

Asabar, da yamma

Mai ɗakina ta same ni zaune a kan bokiti ina kallon motar.

"Baban Nana, kai fa wani lokaci kamar ba ka yi sakandare ba. Ka lalata ta mana."

Na ce ban gane ba.

"Tsohon nan ba lafiyar mota yake so ba, ciwonta yake so. Ka samo mata wani."

Na ce yaudara ce. Ta ce ita da take ce mini ƙwan da na soya ya yi daɗi fa, me ake kiran wannan?

Na gwada. Wallahi lalata abu da gangan ya fi gyara wuya. Na sassauta kilif ɗin bututun lagireto, babu ƙara. Na sassauta murfin iska, babu ƙara. Na cire fiyus ɗaya, sai gilashin baya ya sauka ya ƙi hawa. Duk na mayar. Ina jin duk na mayar.

A ƙarshe Injiniya ya kawo shawara. Gwangwanin madara, cokulan shayi a ciki, a ɗaure da waya a gefen inji. Ƙarar da ta fito ta ba ni tsoro ni kaina. Ya ce, "Wannan ko kamfanin da ya ƙera ta sai sun yi taro."

Lahadi, bayan la'asar

Na shiga da fuskar damuwa, na yi ta gwadawa a madubin mota tun a gida. Na ce, "Baba, wata sabuwa ta ɓullo. Na rasa kanta."

Ya juyo. Na kunna. Ya rufe ido. Tsohon gado na kusa ya ce inna lillahi, wannan inji ya tafi. Sajan ta matso.

Baba ya buɗe ido.

"Cokali."

Na ce, "Na'am?"

"Cokalin shayi. Biyu."

Uku ne, amma ban gyara masa ba.

Mutumin da ya shekara yana ɗora wa fulogi laifin facin taya, yau da na zo da ƙarya, yau ya ga damar canka daidai. Sajan ta juya baya kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na tsaya da waya a hannu kamar an kama ni da hannu a tukunya.

Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. Ban sani ba ko dariya ce ko zagi ne bai fito ba. Ya daɗe yana haɗa maganar, na ga wuyansa yana aiki.

"Ban yarda... da waya ba. Kawo ta."

Na ce, "Baba, wa zai tuƙo?"

Ya kalle ni sama da ƙasa. Ya kalli bango. Ya kalli tsohon gado na kusa, kamar yana auna ko shi zai fi. Sannan ya ce, "Kai."

Litinin, da safe

Ina da lasin. Na ciro na duba, bai mutu ba.

Litinin, da yamma

Na fita da ita zuwa bakin layi na dawo da baya. Bokitin wanki ya rasu. Gobe.

Talata, da yamma



Na cire gwangwanin. Na duba mai, na duba ruwa, na duba taya, na sake duba mai. Injiniya ya rufe shago ya ce ba zai bari a yi tarihi ba shi ba. Na sa shi a baya. Ya zauna ya harɗe ƙafa, yana ɗaga wa mutanen layi hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

Motar nan faɗi gare ta. A ciki sai ka ji kamar falo kake tuƙawa. Na riƙe gefen dama, masu keke suna wuce ni, wani mai tura baro ya ce in ba zan yi amfani da titin ba in ara masa. Injiniya yana ta ba da umarni daga baya: "Shiga, Auta, shiga! Babbar mota ba ta roƙon hanya." Ban shiga ba.

Muna hawa gangaren ƙofar asibiti na ga allurar zafi ta tashi. Na ce wa kaina idona ne. Na sami wuri daidai ƙarƙashin tagar ɗakinsu Baba, na tsaya. Sai fuuu. Tururi ya turnuƙe ta ko'ina, ruwa yana zuba a ƙasa kamar an buɗe famfo. Kilif ɗin bututun lagireto. Na mayar da murfin iska, na mayar da fiyus, shi ne ban ɗaure ba. Ni da nake komawa in taɓa kwaɗon sito bayan na kulle.

Na ruɗe na latsa makullin hannu, sai ƙararrawar ɓarayi ta ɗauka. Hon, fitilu, komai. Mai gadi ya rugo yana cewa nan asibiti ne ba tasha ba. Injiniya ya ce masa shi fasinja ne kawai. Tagogi suka cika da kawuna.

Na buɗe bonet. Ban san me nake tunani ba, na naɗe hannu da hankici na kai kan murfin lagireto.

"KAR KA BUƊE!"

Duk harabar ta ji. Ko hon bai danne ta ba. Na ɗaga kai. Baba ne a taga. A tsaye. Ya riƙe ƙarfen tagar da hannun hagu, Sajan a bayansa ta buɗe baki.

"Zai ƙona ka, sakarai! Tsaya nan!"

Ya ɓace daga tagar.

Na tsaya. Tun da aka haife ni ban taɓa tsayawa irin wannan ba. Mai gadi ya cire kan batir, hon ya mutu. Wurin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa.

An daɗe. Daga ɗakinsu zuwa ƙofar fita ba nisa, ni nakan yi ta kafin in gama amsa gaisuwa. Na fara jin ƙarar ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake dogarawa: ƙwas, sai jan ƙafa, ƙwas, sai jan ƙafa. Na yunƙura zan je, Injiniya ya riƙe mini riga. Ya ce, "An ce ka tsaya." Wannan ce magana ta farko mai amfani da na taɓa ji daga bakinsa.

Ya fito. Rigar asibiti, silifa ɗaya ta juya, gumi har haɓa. Sajan na gefe ba ta taɓa shi ba, hannayenta dai a shirye. Bayansu wata ma'aikaciya da keken guragu babu kowa a kai. Ya zo har gaban motar. Bai kalle ni ba.

"Matsa."

Na matsa. Ya leƙa cikin injin, ya daɗe. Ya ga sababbin fulogi, ya ga fanbel, ya ga takardun da na manna a jikin wayoyi da rubutuna. Ya ga kilif ɗin yana lilo.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Ba ka ɗaure ba."

"Ban ɗaure ba."

Ya miƙo hannun dama. Na dama. Yatsun ba su buɗe duka ba. Na ɗora masa sukudireba a ciki, ta faɗi. Na ɗauka na sake ɗorawa. Ta zauna.

Bai iya juya ta ba. Ya ce injin ne bai huce ba, sai gobe. Na ce haka ne, da zafi sosai.

Yaya ta iso ana mayar da shi a keke, yana ta yi wa ma'aikaciyar faɗa wai ba ta iya shan kwana ba. Yaya ta tsaya da kular abinci a hannu. Sajan ta ce mata da ƙafarsa ya fito. Ta ajiye kular a kan bonet, ta shiga bayan motar ta rufe ƙofa. Gilashin mai duhu ne. Na ba ta lokaci.

Da ta fito ta ce, "Motar nan warin tsohon takalmi take yi." Na ce zan duba.

Laraba, da yamma

Motar ta kwana a asibiti. Mai gadi ya ce a ɗauke ta. Sajan ta ce kayan aikinta ce, in yana da magana ya same ta a ofis. Bai je ba.

Baba ya sauko da hantsi. Kilif ɗaya muka ɗaure, shi yana riƙe da sukudireba, ni ina juya hannunsa, yana ce mini na cika gaggawa. Ya gano abubuwa da dama da ya ce na ɓata. Wasu gaskiya ne. Ya ce kar in kuskura in tayar da ita sai ya bi komai da idonsa, ko da zai ɗauki wata guda. Tsohon gado na kusa yana kallo ta taga yana ba da shawara, Baba ya ce masa wanda bai taɓa mallakar ko keke ba ya yi shiru.

Na ga likita. Ni na tare shi. Ya yi bayani, na rubuta a bayan takardar fanbel. Ba duka ne mai daɗi ba. Hannun sai a hankali, tuƙi kuwa bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Ƙafar dai ya ce a ci gaba da duk abin da ake yi.

Da zan tafi Sajan ta kira ni gefe ta gaya mini abin da take so. Na ce zai gane. Ta ce ya gane mana, in ya ji haushi ai sai ya fi sauri. Yaya ta ce za ta zo da wuri ta kama mana, wai dama ta daɗe tana son ta tura motar nan.

Na gobe:

Ruwan lagireto, galan ɗaya.
Kujerar roba, ya riƙa hutawa a gefen mota.
Silifa mai maɗauri.
Mayar wa mai ɗakina cokulanta.
Sabon bokiti.
Bugo wa mataimakina, a ji ko sito na nan.
Kafin Baba ya sauko: ni da Yaya da Injiniya mu tura motar gaba, nesa da ƙofar fita, tsawon mota ɗaya daga inda take. Jibi a ƙara.